Ruwan Farko na Rufi Ne

…kuma har yanzu ba ta faɗa mata ba. Abin ke nan. Tikitin jirgi na nan cikin waya, ranar Asabar, akwati na ƙarƙashin gado baki buɗe. Halti Mbarka kuwa, wato Inna Mbarka, mai gidan, tana tsakar gida tana gyaran kifi, tana yi wa kyanwa faɗa, ba ta san komai ba. Ko ta sani? Tsofaffin matan tsibirin Jarba ba sa tambaya. Mazansu sun tafi buɗe kantuna a Tunis, 'ya'yansu sun tafi Faransa… sun san ƙarar akwati tun kafin a ja shi.

Dorra tana zaune a saman rufi, kwamfuta a cinya, don nan kaɗai sabis yake kamawa a gidan. Mutanen Hamburg ne a gilashin kwamfutar, suna gardama a kan shafin intanet da ta zana musu. Shuɗi ko kore? Tana gyaɗa kai. Ta ƙware a gyaɗa kai — ta yi shi a Lisbon, ta yi a Bali, ta yi a wani gari mai sanyi da ta manta sunan titinsa. Wata uku, sai ta ɗaga. Kafin mai shago ya riƙe sunanta. Kafin wani ya ce, "Gobe ki zo."

Ƙafarta ba takalmi. Farar ƙasar rufin da ɗumi-ɗumi a tafin ƙafa…

"Ke 'yar Tunis! Sauko! A kan ruwan shanmu kike yawo da takalmi? Gobe sai ki shiga tukunya da su!"

Ranar farko ke nan. Tsohuwa ƙarama, cikin farin mayafi mai jan baki, tana ɗaga ludayi kamar za ta jefo shi. Ina Dorra za ta sani? A benen da ta tashi, murɗa famfo ake yi. Nan kuwa rufi shi ne kwanon gida: duk ɗigon da ya sauka a kansa bututu yake bi zuwa majil, rijiyar da ke ƙarƙashin tsakar gida, a yi ta sha har shekara ta zagayo. Ruwan famfon tsibirin? Gishiri-gishiri. "Na wanke ƙafar jaki ne," in ji Halti, "ba na shayi ba."

Mama, da kin ga 'yarki da tsintsiya. Da bokitin farar ƙasa, a durƙushe, tana shafe rufin wata… ke da kika yi ta fama da ita ta gyara ko gadonta. Da kin yi dariya har sai kin yi tari. Tarin nan — a'a. Ba yanzu ba. Tun da kika rasu aka rufe ƙofar gidanki aka miƙa wa mai haya makulli, wace ƙofa ta sake zama a bayanta har ta saba?

Kore, suka ce. To, kore.

Hadari ne can ta wajen teku? Hadari ne. Ganyen dabino ya fara juyawa. Tun bazara majil ya yi ƙasa, guga sai ya daɗe yana tafiya kafin a ji ya taɓa ruwa, Halti tana kasa kunne kamar mai sauraren numfashin mara lafiya. Gwiwoyin tsohuwar ba sa hawan matakala. Lotfi, ɗanta, yana Lyon, duk Juma'a Dorra ke riƙe mata waya su ga juna, tsohuwar tana kai hanci har jikin gilashi. "Ommi, ki sha ruwan gora mana!" "Uwarka ta yi maka kama da mai shan roba?" Sai ta sumbaci gilashin, ta goge shi da bakin mayafi.

Wa ya hau mata rufin bara? Dorra ba ta taɓa tambaya ba. Me ya sa ba ta tambaya ba?

Aikin ba wuya. Tsumma ne kawai. Yana cushe a bakin bututun majil, don ruwan farko ba a sha — shi ke wanke ƙura da kashin tattabaru, ya bi indararo ya zube a gindin zaitun. Sai ruwan indararo ya yi garau, sannan a zare tsumman, a toshe indararon da shi. Shi ke nan. Hannu ɗaya, da ƙafar da za ta hau. "Ke ai kullum kina sama kina gaisawa da gilashi, 'yata. Allah ne ya kawo mini ke." Dorra ta ce to. Ta ce to, alhali…

Ɗigo a kan gilashi. Wani a kan hancin mutumin Hamburg.

Ta ce su yi haƙuri. Ba ta jira amsa ba. Ta tura kwamfutar da wayarta ƙarƙashin matakala, ta dawo da gudu, ta tsuguna a kusurwa. Ƙamshin ƙasa, ya Allah, ƙamshin nan… Ruwa na dukan bayanta. Indararo na zubar da jan ruwa, sannan ruwan toka, da gashin tsuntsu, da busasshen ganye. A ƙasa Halti ta bar kifi ga kyanwa, ta buɗe tafukanta sama, tana hamdala da ƙarfi, mayafi ya jiƙe ya manne mata a kai kamar ƙaramar yarinya.

"Ya yi fari?"

"Saura kaɗan, Halti!"

"Kada ki yi gaggawa, ba jirgi za ki hau ba!"

Ba jirgi…

Ta tara hannu. Yana washewa. Yana washewa, tana iya ganin zanen tafinta a ciki. Yatsunta na kan tsumma. In majil ya sha yau, ai ta cika alkawari, ko ba haka ba? Ta sauka, ta sha shayi, ta faɗa a hankali: Halti, ranar Asabar… Ba wanda ta yaudara. Haya ce. Ɗaki ne da sabis da teku, kamar sauran.

Sai ya tsagaita. Haka kawai. Yayyafi, ɗigo, shiru. Hadarin ya zarce can wajen garin Ajim, rana ta leƙo, rufi na sheƙi fari tas, wankakke, ba ko ɗigo a majil.

"Bar shi a toshe!" Muryar Halti na dariya, ko a jikinta. "Wannan na rufi ne. Namu na tafe. Lahadi ko Litinin — gwiwata ta gaya mini, ita kuwa ba ta ƙarya kamar wayarki. Sauko ki canza riga kada mura ta kama mini ke."

Kama mini ke.

Lahadi ko Litinin. Waya na kuka a ƙarƙashin matakala, Hamburg na nema. Akwati na can baki buɗe. A ƙasa an ɗora butar shayi, da ruwan majil na bara, ɗan abin da ya rage, kofi biyu — tana jin ƙararsu a kan faranti, biyu, ba a ma tambaye ta ba. Mama, ya ake yi? Ya mutum yake faɗa? Ko kuwa… ya mutum yake zama?

Gwiwoyin Dorra sun yi tsami don tsuguno. Ruwa na ɗiga daga gashinta a kan farar ƙasa. Ya kamata ta tashi. Hannunta dai na kan tsumman, ta kasa ɗauke shi…