Malalaciyar Ofis

Ranar da babban ofis ya sa aka haɗa manhajar AI, mai amsa tambaya kamar mutum, da imel ɗin ma'aikata da rumbun ajiyar fayil, Sakatariya ko kai ba ta ɗaga ba. Shekararta goma sha ɗaya a kamfanin, na'urori nawa suka zo da ɗoki suka mutu a gabanta. Sai da aka ce za a rage ma'aikaci ɗaya, kuma manhajar za a tambaya wane ne ba ya taɓuka komai, sannan ta gyara zama.

Aka turo mai bincike, wata doguwar mata da ba ta san wasa ba. Ta tara su a ɗakin taro, ta haska allon kwamfutarta a bango, ta rubuta tambayar kowa yana kallo.

Manhajar ba ta san kara ba. Ta ce babu mai aiki kamar Manaja: wasiƙa dubu huɗu a shekara, rahoto kowane mako. Manaja, wanda aikinsa a duniya sa hannu ne da duba agogo, ya shafa tumbi ya sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo. Sannan manhajar ta ce Sakatariya rabonta da buɗe fayil ko ɗaya shekara tara.

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tun ranar da Manaja ya ce kwamfuta tana sa masa ciwon ido, Sakatariya take shiga da sunansa ta yi masa komai, har gaisuwar rasuwar surukinsa ita ta rubuta. Nata shafin kuwa ta manta da shi. Duk ofis an san haka, amma kowa ya ƙura wa takalminsa ido, don idan ba ita aka kora ba, wani za a kora.

Sakatariya ta dubi Manaja tana jira ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don da gaske ta ɗauka zai yi magana.

Ya yi gyaran murya. "To, ni dama na daɗe ina haƙuri da ita."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sakatariya ta ji hawaye na tahowa, ta mayar da abinta.

Mai bincike ta ce, "Kafin in rufe maganar, Yallaɓai, shiga shafinka ka tabbatar min da rahoton jiya, sai in rubuta mata takardar sallama." Ta tura masa kwamfutar.

Manaja ya zaro tabarau, ya goge, ya saka. Ya ɗaga yatsa ɗaya yana shawagi a kan madannai. Allon bango yana jiran lambar sirri. Ya gwada sunansa, ta ƙi. Ya gwada shekarar haihuwarsa, ta ƙi, aka rubuta masa da jan rubutu cewa saura gwaji ɗaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ya karkato wajen Sakatariya, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata, tuna min mana."

Ta ɗora jakarta a cinya, ta zuge zif ɗin a hankali.

"Ayya, Yallaɓai," ta ce, yadda kowa zai ji. "Ni da na shekara tara ban taɓa komai ba, ina zan san lambar mutum mai ƙwazo irinka?"