Mita Ɗari Uku

Tela tana shagonta, tana tsakiyar kafa hannun riga, wayarta ta yi ƙara. Hoton tsohon mijinta ne ya fito, yana murmushi. A ƙasa manhajar zumunta ta rubuta: "Wataƙila kin san wannan. Kilomita arba'in tsakaninku."

Wata bakwai ke nan da ta gudo daga gidansa, haƙarƙari a karye, 'yarta a goye. Ta sauya gari, ta sauya layi. Shafin ma don tallan ɗinki ta buɗe shi, babu fuskarta, sai riguna. Mutum ɗaya ta ba sabuwar lambar: Gwaggonta. Ta kira ta.

"Gwaggo, kin ba shi lambata?"

"Haba 'yar nan! Ni da na sa miki suna Mai Gawayi a waya don kada kowa ya gane?"

"Kin sauke wata manhaja kwanan nan?"

"Ta gaisawa da dangi. Ta kawo rubutu kamar tururuwa, na danna kore. Kowa ma kore yake dannawa."

"Lambarsa na cikin wayarki?"

"Na ajiye ne don in ya kira in ƙi ɗauka."

* * *

Mai gyaran wayar bakin kasuwa bai ko ɗago kai ba. Ya ce manhajar ta kwashe lambobin Gwaggo kaf, ta ga tata da tasa a waya ɗaya, ta haɗa su.

"Yadda kika gan shi, haka ya gan ki. Ai an yarda, Anti."

"Ni ban yarda da komai ba!"

"Gwaggonki ta yarda miki. Haka abin yake, sai haƙuri."

Haƙuri. Abin da aka yi ta ce mata ke nan shekara shida, har ƙashi ya karye.

"In goge miki shafin?"

Ta karɓi wayar. Kilomita tara. In ta goge, da me za ta san inda ya kawo?

* * *

Ta ɗauko 'yarta daga makaranta tun ba a tashi ba. Ta cusa kaya a buhu, ta ɗauki almakashi da tef. Keken ɗinkin ya fi ƙarfin ɗauka.

"Umma, wayarki."

"Bar ta nan. Sa takalminki."

Suka fice ta ƙofar baya.

A shagon, allura na soke cikin rigar da ba a gama ba. Wayar ta yi haske a kan keken. Mita ɗari uku.