Shanyar Inna a Kan Teburin Baba

Wallahi ban taɓa shan wahalar katako irin ta teburin marigayi Baba ba. Farin katako ne mai laushi, ko farce sai ya bar masa tabo, ga zanen wuƙa, ga ƙunar gindin tukunya. Amma na ci alwashin sai na gyara shi na tafi da shi Gyallesu, inda ni da matata Rauda za mu tare ranar Asabar. Cikin kayan Baba kaf, shi kaɗai raina yake so.

Na sayo samfefa da banish a Kwangila. Na yi ta gurza a tsakar gida har yatsuna suka yi kanta, na shafa banish, ya ɗau sheƙi, na bar shi a rana na tafi masallaci.

Ina dawowa me zan gani? Inna, mahaifiyata, ta baza yankakkiyar kuɓewa a kai, ko buhu ba ta shimfiɗa ba!

"Haba Inna! Ɗanyen banish ne fa!"

"To ni fili na gani, Suhaibu. Tun ina amarya a gidan nan, duk abin da ya kwanta a rana na shanya ne."

Na haɗiye maganata, uwa ce. Kuɓewar nan ta manne kamar an liƙa ta da ƙaro. Na kankare, na sake gurzawa, na sake shafawa, na bi kowa a gidan na ja masa kunne.

Washegari sai tattasai. 'Ya'yansa duk sun nutse cikin banish ɗin. Kai, raina ya ɓaci! Ga faifai, ga tabarma, ga rufin kwano tun daga nan har ƙofar zaure, duk ba su yi mata ba sai teburina? Rauda kuma, maimakon ta taya ni jin haushi, sai ta leƙo tana dariya.

"Malam kafinta, yau miyar me teburin zai ba mu?"

Ban kula ta ba. Da na sake shafawa, sai na jawo kujera na zauna gadi, rana na dukana. Can sai ga Inna ta fito da ƙwaryar daddawa, ta nufo mu kai tsaye.

Na miƙe. "Inna, don girman Allah me na yi miki? Kin san jibi zan tashi, kuma bai bushe ba!"

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. Ba ni take kallo ba, teburin take kallo.

"Na sani mana. Ai shi ya sa," in ji ta. "Babanku ya tafi. Kai ma ga shi za ka tafi. Shi ma da ya bushe tafiya zai yi. To ni in na fito da safe, wa zan tarar a tsakar gidan?"

Na ajiye buroshin banish da ke hannuna, na matsa gefe, ta baza daddawarta.