Kalmar da Ta Dawo Gaba

"Ba haka ba ne! Sake!" in ji Mai Jirgi, yana buga sanda a ƙafar gado.

Mai Agogo ya gyara zaman tabarau, ya sake faɗa a hankali: "La casa blanca."

"Yawwa, farin gida ke nan. Casa shi ne gidan. Ina maƙwabtansa?"

"La na gaba, blanca na baya."

"Madalla. Ashe kan nan naka ba ƙusoshin agogo kaɗai ke ciki ba."

'Yar Mai Jirgi ta shigo da ruwa da ƙwayar magani. "Baba, likita fa cewa ya yi ka huta."

"Ai hutawar nake yi. Zagin Kawunki ya fi ƙwayar nan aiki."

Mai Jirgi ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen ruwa. Da ya dawo, ya zo da muƙamuƙin wani kifi da ya rataya bisa ƙofa, da ƙaton ƙoƙon dodon-koɗi mai kukan teku a ciki, da kuma Sifaniyanci, wanda duk layin ba mai amsa masa. Sai ya kama maƙwabcinsa mai gyaran agogo, da bango ɗaya ya raba su, ya mai da shi ɗalibi. Allonsu shi ne bangon da ke tsakanin ƙofofinsu.

A koyarwarsa, kowane suna mai gida ne. Akwai kalmomin da ke jingina da shi kai tsaye. Littafi na ce musu modificador directo, shi kuwa maƙwabtan bango yake kiransu. Akwai kuma na nesa, waɗanda sai sun tura ɗan aike mai suna de kafin a san da su. Abin nan ya shiga ran Mai Agogo. Yakan riƙe agogon mutane a hannu ya manta da shi, yana tunanin kalmomi zaune a jere, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tun da daɗewa Mai Jirgi ya rubuta da alli a bangon: amigo viejo. Amigo aboki, viejo tsoho. In viejo ya zauna a baya, aboki ne da kawai ya tsufa, haƙora suka zube. In ya dawo gaba, aka ce viejo amigo, to wannan amini ne na tun fil'azal.

"Ni wanne ne?" Mai Agogo ya tambaya a ranar.

"Na baya mana. Dubi sanƙonka."

Mai Agogo ya gyara masa agogo, ya gyara masa rediyo, har kujera ya taɓa ɗaure masa, amma kalmar ba ta motsa ba. "Sai ka ci jarrabawa," in ji Mai Jirgi kullum. Da wasa ne, kowa ya sani. Amma jiya likita ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa 'yar Mai Jirgi magana ƙasa-ƙasa, kuma Mai Agogo ya ga fuskarta. Tsoro ya kama shi kada mutumin ya tafi ya bar shi a baya.

Washegari da hantsi ya shigo ya tarar an buɗe taga. Mai Jirgi na kwance, ƙoƙon dodon-koɗin a kunnensa, ya rame amma idonsa na wasa.

"Teku na gaishe ka," ya ce. Ya miƙo hannu. "Matso kusa, viejo amigo."

Mai Agogo ya dube shi. Shi ke nan, ciwo ya taɓa kai, malam ya fara rikita karatu. Ya sunkuya, cikin tausayi ya ce, "Ka yi kuskure. Amigo viejo ne. A baya yake zama."

Mai Jirgi ya zuba masa ido. Sai dariya ta ƙwace masa, ta zama tari, ta sake komawa dariya, har 'yar ta rugo daga kicin da ludayi a hannu.

"Kawu, me ka yi masa?"

"Gyara mini yake yi!" in ji Mai Jirgi, hawaye na gangara cikin kunnensa. "Shekara da shekaru yana bara, yau na ba shi, ya ce in mayar! Kai, sakarai, ni na taɓa kuskure?"

Sai a lokacin Mai Agogo ya gane. Ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye shi.

"To jarrabawar fa?"

"Ita ce ka ci yanzu. Wa zai gyara wa mai mutuwa nahawu in ba amini ba?"

Suka yi ta dariya su uku. Kafin rana ta kai ƙafar gado, Mai Jirgi ya yi barci da hannun maƙwabcinsa a nasa, bai kuma farka ba.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, Mai Agogo ya samo guntun alli a aljihun tebur. Ya sa hannun riga ya goge viejo daga bayan amigo. Da ya zo rubuta shi a gaba, sai ya ga bangon ya ƙare, wuri bai isa ba. Ya ɗan tsaya. Sannan ya fara rubutun daga kan katakon ƙofarsa, harafi bayan harafi, har na ƙarshen ya hau bango ya jingina da amigo.