Littafin Mista Haugen

"Ba mai laifi muke nema ba, Misis Dahl," in ji yarinyar jami'ar, tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalminta. Ni na buɗe mata gidan maƙwabcina Mista Haugen, don makullin yana hannuna tun ranar da muka binne shi.

Sunanta Marisol. Ita da abokan aikinta na jami'a ne suka raba wa 'yan layinmu ƙananan littattafai a farkon hunturu, wai kowa ya riƙa rubuta waɗanda ya haɗu da su kullum: suna, minti nawa, an taɓa juna ko a'a. Da haka za su gano hanyar da muguwar murar nan ke bi tana shiga gidaje. Ni nawa littafin na ɗora masa tukunyar fure. Shi kuwa, tsohon ma'aikacin gidan waya, ba ya wasa da takarda.

Tun rasuwar matarsa nake kai masa miya. A makon da tari ya kama ni, sai na ajiye kwanon a bakin ƙofa na juya.

"Lorna, kare kika mayar da ni?" ya ƙwala min kira. "Shigo mana!"

"Tari nake yi, tsoho."

"Ni tun ba a haife ki ba nake tari. Shigo."

Na shiga. Bayan kwana tara ya cika a asibiti. Tun daga nan nake lallashin zuciyata cewa a coci ya kwaso murar, ko wurin mai aski, tunda kullum cikin ba ni labarin yawonsa yake.

Littafin yana kan teburin kicin. Marisol ta miƙa hannu, na riga ta.

"Ai sirri ne," ta ce a hankali, amma ba ta ƙwace ba.

Babu coci, babu mai aski. Shafi bayan shafi suna ɗaya ne. Lorna, minti goma. Lorna, minti ashirin, ta yi min faɗa kan gishiri. Ashe tsohon maƙaryacin nan ba shi da kowa sai ni. Na zauna a kujerarsa.

A shafin ranar da na shiga da tari, ya dawo ya ƙara wani layi da rubutu mai karkarwa: "Ni na matsa mata ta shigo. Na ji daɗin zuwanta."

Marisol ta ja kujera ta zauna. A gefen famfo ga kwanon miyata, ya wanke shi tas ya kife.