Bencunan Malama Ganye

Yayata ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da kimiyya a sakandare ɗaya, har ɗalibai suka laƙaba mata Malama Ganye. Tun maganar ɗumamar yanayi ba ta zama abin ado a bakin manya ba take yin ta, ana yi mata kallon mai taɓin hankali. Duk ajin da zai fita sai ya dasa itace a filin bayan ɗakin gwaje-gwaje. Da hutu ita ke zuwa ban ruwa da bokiti. Nakan tsokane ta cewa itatuwan nan sun fi mu gata a wurinta, ba ta taɓa musawa ba.

Dab da ritayarta wata ƙungiya ta ji labarin aikin, ta ce za ta gina wa makarantar ɗakin koyar da kare muhalli don karrama ta. Shugaban makaranta, mutumin da bai taɓa ɗaukar bokiti ba, ya duba ko'ina bai ga filin gini ba sai nata. Ta je ofishinsa ta roƙa, ta kawo wani wurin, har kuka ta yi. Ya ce mata ci gaba ne. Tana kwance a asibiti an yi mata aikin gwiwa aka sare itatuwan tas.

Ranar buɗewa na raka ta, raina a ɓace. Janareto na ruri a waje, ciki sanyi kamar firji, bango cike da hotunan daji.

Ɗan kwangilar tsohon ɗalibinta ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya nuna mata sababbin bencuna suna ƙyalli.

"Malama, ban manta karatunki ba," in ji shi, fuskarsa cike da murna. "Ko reshe ɗaya ban bari ya tafi a banza ba. Dukansu da itatuwanki aka yi su."

Abin da ya fi ƙona min rai, da zuciya ɗaya ya faɗa. Ta sa masa albarka, don ba ta iya komai ba sai hakan.

Aka yi ta jawabai har rana ta take. Na ga har yanzu tana tsaye, ga ciwon gwiwa, na raɗa mata ta zauna don Allah.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Na san su tun suna cikin leda."