Boris ɗin Surukin Mijinyawa

Mijinyawa na sayar da kayan gyaran mota a unguwar Adjamé ta Abidjan, kuma wallahi mutum ne mai baki, ko ɗan sanda bai cika tsira daga harshensa ba. Mutum ɗaya ne ke sa shi ya zama bebe: Alhaji Kailu na Treichville, uban matarsa Zalihatu, wanda kuma a wurinsa yake sarin kaya.

To, sai ga shi Alhaji ya sauya kamfani, ya kawo wani sabon boris na taya, abin da 'yan Abidjan ke kira rulma. Kwali mai kyau, ƙarfe na sheƙi, amma da an ɗaura a mota aka ɗan yi tafiya sai taya ta kama gurnani, ta yi zafi kamar kaskon suya.

Ɗantani, bakaniken da ke gyara woro-woro, wato tasin unguwar Williamsville, ya zo ya zube masa boris ɗin a kan tebur.

"Mijinyawa, direbobi sun fara zagina. Ko ka sauya kaya ko mu sauya shago."

Ran Mijinyawa ya ɓaci, tsoro kuma ya kama shi, don Ɗantani ne rabin cinikinsa. Amma ina bakin da zai ce wa suruki kayanka ba su da kyau? Ya je Treichville da niyya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida Alhaji da gajiya, ya tambayi jikin Hajiya, ya sha shayi, ya dawo.

Da ya ba Zalihatu labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba ba ya jin magana sai ta bakin motarsa," in ji ta.

Shi ke nan fa. Mijinyawa ya roƙi alfarmar yi wa Fijon Alhaji gyara kyauta, ladabin ɗa ga uba, ya sa Ɗantani ya ɗaura mata sabon boris ƙafa huɗu.

Ranar wata Juma'a yana tuƙa Alhaji zuwa ɗaurin aure, suna kan gada, sai mota ta fara kuka. 'Yan gbaka, ƙananan bas na haya, na wucewa suna leƙe suna dariya. Dole suka tsaya, Alhaji ya fito da babbar riga, ya taɓa taya, ya janye hannu da sauri.

"Wane marar tsoron Allah ne ya sayar maka da wannan shara? Faɗi sunansa."

Mijinyawa ya durƙusa a gefen titi, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sunan ba ya faɗuwa a bakina."

Alhaji ya dubi tayar, ya dubi surukinsa, ya gyara hula.

"To," ya ce a hankali, "gobe ka kwashe kayan duka ka mayar wa mutumin. Na san shi, tsoho ne, zai karɓa. Kuma zai koma kamfaninsa na da."